Kallon Kitse Ake wa Rogo: Sharhi a Kan Bidiyon "Abdo Cikin Kwana 30"

A wannan fitowa ta ɗan littafinmu an ce kowa ya zaɓi abu guda da ya karanta ko ya kalla, ya yi masa sharhi. Wasu sun ɗauki littafi, wasu sun ɗauki waƙa. Ni bidiyo na ɗauka, domin in za a faɗi gaskiya, bana babu littafin da aka karanta a ɗakinmu kamar yadda aka kalli wannan bidiyon.

Na san yawancinku kun gan shi, ko kun ga ƙannensa, don suna da yawa kamar fara. Tsawonsa bai wuce minti goma ba. Wani saurayi ne ba riga, a cikin ɗaki mai tsabta, fitila na haska shi daga sama, agogo na ƙirga daƙiƙa talatin-talatin a gefe. Yana kwanciya yana tashi, yana ɗaga ƙafafu, yana magana da Faransanci cikin fara'a. Da farko a nuna hoto biyu, na kafin da na bayan. A ƙarshe ya yi alkawari: ka bi ni kullum, ka rage ci, cikin kwana 30 cikinka zai rabu gida shida. Mu a lise "abdo" muke ce wa abin, abokanmu na Najeriya su ce "sikis fak". Kakata da na nuna mata hoton a Agye cewa ta yi: "Wannan yaron gidan dara anka yi mishi a ciki?"

Ba don dariya na zaɓi bidiyon ba. Mu huɗu ne muke haya ɗaki guda a Maraɗi: ni daga Agye, ɗaya daga Gazawa, biyu daga wajen Gidan Runji. Na Gazawan dogo ne siriri, nauyinsa kilo 58. Ni na tura masa bidiyon ta Xender a watan Afrilu, ana tsakiyar zafi, saura ƴan watanni jarabawar BAC. Tare muka fara. Ni kwana tara na yi na gaji. Shi kuwa ya riƙe abin kamar farilla. Ya bar tuwon dare, ya bar fura, ya riƙa ɗaure cikinsa da leda yana gudu da hantsi wai kitse ya narke, ya sayi wani shayin rage tumbi da wasu ƙwayoyi masu sa fitsari wurin mai tebur. Ranar kwana na 19 ya faɗi a aji ana tsakiyar rubutu. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Majon da ya duba shi ya ɗaga rigarsa, ya dube mu, ya ce: "Wane tumbin ne za a rage a nan?"

Tun ranar nake son in zauna in kalli bidiyon nan da idon mai sharhi, ba da idon mai kwaɗayi ba.

Abin da ya faɗa daidai

Adalci shi ne in fara da inda ya yi gaskiya. Motsin da yake koyarwa ba ƙarya ba ne. Tsokar da ake magana a kai doguwa ce, ta taso daga ƙasan ƙirji ta sauka har mara, kuma tana ƙarfi in an sa ta aiki kamar kowace tsoka. Ƙarfin tsakiyar jiki yana taimakon baya, yana taimakon mai ɗaukar kaya da mai buga ƙwallo. Bidiyon bai ce ka sayi na'ura ba, bai ce ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Tabarma ta ishe ka. Ga saurayin da ya saba yini a fada yana jiran shayi na uku, duk abin da zai tashe shi ya yi gumi na minti goma alheri ne.

Haka kuma tumbi ba abin ado ba ne kamar yadda muka taso muna ji. A garuruwanmu in mutum ya ajiye teɓa sai a ce ya samu, Alhaji ya ji daɗi. Amma kitsen da ke taruwa a ciki, kewaye da hanji da hanta, yana cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon sukari da hawan jini, kuma kowa a cikinmu ya san wani kawu ko wata gwaggo da ke fama da su. Da bidiyon ya tsaya nan, da na yaba masa na rufe baki.

Abin da ya ɓoye

Na farko, kowa yana da gida-gidan nan tun ran da aka haife shi. Wasu jijiyoyi ne suka ratsa tsokar a kwance, wata kuma ta raba ta a tsaye daga ƙirji zuwa mara. Yawan gidajen da tsarinsu gado ne: wani huɗu, wani shida, wani takwas, wani a jere, wani a karkace. Babu atisayen da zai ƙara maka gida ko ya daidaita maka su. Abin da ke sa a gan su shi ne ƙarancin kitsen da ke ƙarƙashin fata. Ga namiji yawanci sai kitsen jikinsa ya sauko wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100 kafin su fito sosai.

Na biyu, kwanta-tashi ba ya ƙone kitsen ciki shi kaɗai. An gwada wannan tun kafin a haife mu. A 1984 wasu masu bincike a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun sa maza 13 yin kwanta-tashi sau 5,004 cikin kwana 27, sannan suka duba kitsen cikinsu da na bayansu da na ɗuwawunsu. Na cikin bai ragu fiye da sauran ba. Jiki ba ya ɗibar kitse daga inda kake motsawa. Yana ɗiba daga ko'ina, yadda ya ga dama, kuma ga maza da yawa na ciki ne ke tafiya a ƙarshe. Ledar nan kuwa ruwa kawai take fitarwa. Ka sha moɗa biyu, nauyinka ya dawo.

Na uku, lissafin kwana 30 bai fita. Kilo guda na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wanda ya rage kalori 500 a kullum, kuma wannan ba ƙaramin ragi ba ne, zai sauke abin da bai wuce rabin kilo a mako ba, wato kilo biyu a wata. Mai teɓa ta gaske ba zai ga gida shida da kilo biyu ba. Wanda zai gani cikin wata guda shi ne wanda dama saura ƙiris. To mene ne amfanin hoton kafin da na bayan? Ku sake duba shi da kyau. A na farko mutumin ya saki ciki, ya sunkuyar da kafaɗa, hasken ya bugo shi daga gaba ya shafe komai. A na biyu ya ja numfashi, ya murɗa jiki, an shafa masa mai, fitila ta dawo sama tana zuba inuwa cikin kowane rami. Ni da kaina na gwada da tocila a ɗakinmu: cikin minti biyu na yi wa kaina "kafin" da "bayan".

Na huɗu, jikin da muke gani a fim ba jikin kullum ba ne. Yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganin abin: Shah Rukh Khan a Om Shanti Om a 2007, Aamir Khan a Ghajini a 2008. Sai Cristiano Ronaldo ya tuɓe riga a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Lisbon a 2014, shi ke nan aka gama da mu. Waɗannan mutane ne da jiki ne sana'arsu, suna da mai horarwa, da mai dafa musu abinci a kan awo, da likita a kusa. Masu gasar ƙwanji kuwa sukan rage ruwan jikinsu kafin su hau dandali don fata ta manne da tsoka. A 1992 wani gwanin gasar, Mohammed Benaziza, ya mutu a ƙasar Holan jim kaɗan bayan ya ci wata gasa, kuma magungunan fitar da ruwa na cikin abin da ya kai shi. Irin wannan ƙwayar ce abokina ya saya a bakin hanya, a watan da zafin Maraɗi ke wuce digiri 40.

Don wa aka yi shi?

Duk waɗannan kurakurai ne da ɗan kowace ƙasa zai iya kamawa. Babban laifin bidiyon a wurina wani ne daban: ba da mu yake magana ba, mu ne muka tsoma kunne.

Saurayin nan yana magana ne da mutumin da firjinsa ke cike, wanda ke zuwa aiki a mota ya yini a kujera, wanda matsalarsa ita ce abinci ya yi masa yawa. In ya ce "rage ci", yana nufin ka bar lemun kwalba da soye-soye da kayan zaƙi, ka ci nama da kifi da ƙwai. Da maganar ta iso ɗakin ɗalibai huɗu da ke haɗa dala-dala su dafa shinkafa da mai da yaji, "rage ci" ta koma "bar tuwon dare", don babu wani abin ragewa sai shi.

Ku yi lissafin da ni. Masana sun ce mai son gina tsoka yana buƙatar furotin wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman giram 96. Ƙwai guda giram 6 ne. Ƙwai goma sha shida a rana! Wane ɗalibi ne a cikinmu? In kuwa ka rage abinci ba tare da isasshen furotin ba, jiki ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsokar yake haɗawa. Sai ka wayi gari ka rame, ƙarfi ya tafi, haƙarƙari ya fito, kana duba madubi kana cewa an fara gani.

Yunwa kuma ba a jiki kaɗai take tsayawa ba. A 1944 zuwa 1945 wani masani, Ancel Keys, ya yi gwaji da samari 36 masu lafiya a Jami'ar Minnesota. Wata shida ana ba su kusan rabin abincin da suka saba ci. Sun rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙarfinsu ya ragu, suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki, ba sa iya tattara hankali wuri guda, tunaninsu dare da rana abinci. Ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cin wajen kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonewa in yana hutawa. Haka na ga abokina ya koma kafin ya faɗi: shafi guda na falsafa sai ya karanta sau uku, ka taɓa shi kaɗan ya hau faɗa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma BAC rijiya ce mai gaba da yawa.

Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi. Mu ƴan ajin ƙarshe na yanzu, yawancinmu mu ne jariran 2005. Iyayenmu ba su manta shekarar ba. Jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki a wannan yunwar, kuma a shekarar kaɗai ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. Tun daga lokacin kowace uwa ta san ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja da ake zagaya wa damtsen yaro. Yau in ya nuna ƙasa da milimita 115, ja ke nan. Kowa kuma ya san ƴar ledar Plumpy'Nut, giram 92, kalori 500, wadda aka haɗa da gyaɗa da madara da sukari da mai. Gyaɗar nan dai da ta gina kasuwancin Maraɗi tun zamanin Turawa, ita aka dawo mana da ita a leda don a ceci ƴaƴanmu.

Da labarin faɗuwar abokina ya kai Gazawa, mahaifiyarsa ta hau mota ta zo. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce: "Ni da na goya ka, na taka da ƙafa, ina roƙon Allah a ƙara maka kilo guda. Yau kai ne ka biyan kuɗi a rage ka? Mi munka yi maka, ɗan nan?" Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu, balle ni da na tura masa abin.

Ma'aunin da muke da shi

Wani zai ce to mu zauna ke nan, kada mu so jiki mai kyau? A'a. Ai ba mu rasa ma'aunin jiki ba kafin wayoyi su zo. Da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, ɗan jiharmu ne, Yakuba Kantu, ya ɗauki takobin farko, kuma filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Ku tuna jikin manyan ƴan kokowa da muke kallo a talabijin duk shekara, har zuwa Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau da dama. Wuya ne, da gadon baya, da cinya, da ƙugu mai kauri kamar turmi. Da yawansu ko layi guda ba za ka gani a cikinsu ba. Amma wa zai ce tsakiyar jikinsu ba ta da ƙarfi, mutanen da ke ɗaga ƙato su juya shi a sama? A fili ba a tambayar gida nawa ne a cikinka. Ana tambayar wa ka kayar.

Kuma in gida shida ake nema ido rufe, ai muna da su birjik. Ku je gonakin aya da gero tsakanin Cadawa da Agye da Gazawa a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma noma ya yi tsanani. Ku kalli ɗan ƙwadago in ya tuɓe riga. Ga gidajen nan a jere, sun fi na mai bidiyo fitowa. Ban taɓa jin wanda ya ɗauki hotonsa ya sa a fuskar waya ba. Ciki guda ne, amma in a gona yake sai mu kira shi wahala, in a ƙarƙashin fitila yake sai mu kira shi kyau. Ke nan ba tsokar muke sha'awa ba. Rayuwar mai bidiyon muke sha'awa: ɗakinsa, da hutunsa, da ƙoshin da ya kai shi ga zaɓar abin da zai bari. Wannan kuwa ba a samunsa da barin tuwo. Kallon kitse muke yi wa rogo.

Ƴan uwanmu mata kada su yi mana dariya, don jirgi ɗaya ya kwaso mu. Teburin da ke sayar wa samari maganin rama shi ke sayar wa ƴan mata sha-ka-fashe. Daga cikin abin da ake sha akwai deksametazon, maganin da likita ke ba marar lafiya a kan ƙa'ida. In an daɗe ana sha yana kumbura fuska, yana tayar da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma barinsa farat ɗaya ma haɗari ne, sai da likita. Mu a ce mana mun yi yawa, su a ce musu sun yi kaɗan, mai tebur ya karɓi kuɗin kowa.

To mi za a yi?

Ni ba likita ba ne, ɗalibi ne da ya tsorata ya je ya yi karatu. Ga abin da na riƙe. Ka samo igiya, ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a ƙugunka daidai saman cibiya. In ta haɗu, ba ka da tumbin da za ka yaƙa. Abin da kake buƙata ƙari ne ba ragi ba. Ka ci wake, giram 100 na busasshensa yana da furotin sama da giram 20. Ga awara, ga ƙuli-ƙuli, ga fara, ga nono a fura, ga zogale, ga ƙwan zabo da damina. Ka ɗaga ƙarfe, ko da na gwangwani da siminti ne irin wanda muke haɗawa a unguwa, ka ja jikinka a reshe, ka yi barci, ka sha ruwa. Tsoka wata da watanni take ɗauka, ba kwana 30 ba.

In kuwa igiyar ta ƙi haɗuwa, ka fara da sukarin shayin fada da lemun kwalba kafin ka taɓa tuwo. Ka yi tafiya, ka yi gudu da asuba ko da yamma, ba da rana tsaka ba. Rabin kilo a mako ya isa. Ƙwaya da shayin rage tumbi da leda kuwa, ka bar wa mai su.

Hukuncina a kan bidiyon shi ne: motsinsa na da amfani, alkawarinsa ƙarya ne, shawararsa ta abinci kuma ba tamu ba ce. Wanda zai kalla ya kashe sautin, ya bi motsin, ya je ya ci tuwonsa.

Abokina ya warware. Mahaifiyarsa ta bar mana tiya biyu ta wake da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ce in ya sake barin abincin dare mu kira ta. Mun yi gwajin igiyar nan mu huɗu, ta zagaye shi har da rarar da ta kai taki guda. Ni kuma na goge bidiyon daga wayata a daren da ya faɗi. Ba a yi mako guda ba wani ɗan ajinmu ya sake turo shi a zaurenmu na WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Wa zai fara da ni gobe?" Mutum bakwai suka amsa. Saboda su bakwai ɗin na rubuta wannan. In ɗan littafin ya zo hannunka kuma ka san ɗaya daga cikinsu, don Allah ka miƙa masa.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, ya ba mu sa'ar jarabawa.